Duba ƙwayar cuta kyauta a intanet: ina takardun da ake ɗorawa suke kwana?

Ranar 29 ga watan Yuni na 2023, wani ma'aikacin VirusTotal, shafin da ya fi kowane suna a duniya wajen duba fayil ko yana ɗauke da ƙwayar cutar kwamfuta, ya yi kuskuren ɗora wata takardar cikin gida ta kamfanin a kan shafin nasu. Takardar ƙarama ce, amma tana ƙunshe da sunaye da adireshin imel na mutum kusan dubu 5 da 600 daga cikin abokan cinikin kamfanin. A cikinsu har da ma'aikatan hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA, da na FBI, da na rundunar sojan Amurka mai yaƙi ta intanet, da jami'an tsaro na Jamus da Birtaniya. Jaridar Der Standard ta Ostiriya da mujallar Der Spiegel ta Jamus ne suka fasa ƙwan a watan Yuli. Kamfanin ya nemi afuwa, ya ce ya cire takardar cikin awa guda, kuma abokan hulɗarsa da masu biyan kuɗi ne kaɗai ke iya ganin ta.

Wannan jimla ta ƙarshe, wadda aka faɗa don kwantar da hankali, ita ce ta fi cancanta a tsaya a kanta. Ma'anarta ita ce duk fayil ɗin da aka ɗora a shafin akwai jama'ar da ke iya buɗe shi. Idan har ma'aikacin gidan da kansa ya faɗa wannan rami, ina ga akantan kamfanin jigila a Maradi, ko sakatariyar wata ƙungiya mai zaman kanta a Tawa, da aka taɓa gaya wa cewa duk takardar da ba a yarda da ita ba a fara kai ta VirusTotal?

Shawarar ba ta banza ba ce. Sai dai masu bayar da ita kan manta da rabin zancen.

Abin da ke faruwa bayan an danna maɓalli

Wani kamfanin tsaro mai suna Hispasec, a birnin Malaga na Sifaniya, shi ya buɗe VirusTotal a 2004. Google ya saye shi a 2012. Tunanin mai sauƙi ne: maimakon mutum ya dogara da manhajar rigakafi guda ɗaya da ke kan kwamfutarsa, sai ya ɗora fayil ɗin a shafin, manhajojin rigakafi sama da 70 na kamfanoni daban-daban su duba shi, cikin minti ɗaya ko biyu a fito masa da sakamako. Ba a biyan ko dala. Akwai wasu shafukan masu kama da shi, irin su Hybrid Analysis da ANY.RUN da Joe Sandbox, waɗanda ke buɗe fayil ɗin a cikin wata kwamfutar gwaji da aka killace, su zuba ido su ga ɓarnar da zai yi.

Galibin masu amfani da shafin na kallon sa kamar ɗakin awon jini na asibiti: ka kai, a auna, a ba ka sakamako kai kaɗai. Ya fi kama da mai karanta wasiƙa a tsakiyar kasuwa, wanda zai karanta maka da gaskiya kuma ba zai karɓi kuɗinka ba, amma da ƙarfi yake karatun, sannan ya riƙe kwafi a jakarsa. Fayil ɗin da aka ɗora ba ya gogewa bayan an gama dubawa. Ana ajiye shi, ana raba shi ga kamfanonin rigakafin da ke hulɗa da shafin, kuma masu rajistar kuɗi, wato kamfanoni da hukumomin gwamnatoci da masu bincike na ƙasashe da dama, suna iya neman sa su sauke shi ɗungurungum. Suna ganin sunan da fayil ɗin ya zo da shi, da ranar da aka ɗora shi, da ƙasar da aka ɗoro shi daga cikinta. Shi ya sa a rahotannin kamfanonin tsaro ake yawan karanta cewa an fara ganin ƙwayar cuta kaza a fayil ɗin da aka ɗora daga ƙasa kaza.

Kamfanin bai ɓoye wannan ba. A shafin farko, ƙarƙashin wurin ɗora fayil, akwai gargaɗin cewa za a raba abin da aka ɗora da masana tsaro, kuma kada a saka bayanan sirri na mutane. Da ƙananan haruffa aka rubuta shi, kuma wanda ke cikin fargabar ko kwamfutarsa ta kamu ba karatun sharuɗɗa ne a gabansa ba.

Rabawar kuma ita ce ran aikin. Idan aka kai wa wani banki hari a Abidjan, wani ya ɗora ƙwayar cutar, kamfanonin rigakafi suka samu kwafinta, to bankin Yamai da ke amfani da ɗaya daga cikin manhajojin nan ya samu kariya tun kafin harin ya iso shi. Hatta rundunar sojan Amurka ta intanet, a watan Nuwamban 2018, ta fara ɗora samfuran ƙwayoyin cutar da ta kama a VirusTotal don kowa ya amfana. Matsalar tana tasowa ne lokacin da abin da aka ɗora ya kasance takardar albashi, ko kwangila, ko jerin sunayen marasa lafiya, ko hoton katin ɗan ƙasa, waɗanda babu wata ƙwayar cuta a cikinsu, ko kuma akwai ta amma an naɗe ta cikin bayanan gaskiya.

Akwai wani ɓangaren da ba kowa ya sani ba. Masu rajistar kuɗi ba sai sun zauna suna lalube ba. Da wani tsari mai suna YARA, suna iya kafa tarko na kalmomi: duk fayil ɗin da ya shigo ɗauke da sunan kamfani kaza, ko ma'aikatar minista kaza, ko kalmar da ake bugawa a kan takardun sirri, a sanar da su nan take. Suna kuma iya sa a koma baya a tace fayilolin da suka shigo a watannin da suka wuce. An ƙera wannan kayan aiki don farautar ƙwayoyin cuta, kuma yawancin masu amfani da shi abin da suke yi ke nan. Amma tarko bai san niyyar wanda ya ɗana shi ba.

Takardar da ta fi ban tsoro ita ce ta fi ɗauke da sirri

Dalilin da ya sa mutane ke gaggawar duba takardu na gaske ne, kuma yankin Afirka ta Yamma ya ɗanɗana. A watan Nuwamban 2022, kamfanin Group-IB tare da sashen tsaron intanet na Orange sun fitar da rahoto kan wani gungun ɓarayi masu magana da Faransanci da suka laƙaba wa suna OPERA1ER. Tsakanin 2018 da 2022 gungun ya kai hare-hare sama da 30 kan bankuna da cibiyoyin kuɗi da kamfanonin sadarwa, ya sace aƙalla dalar Amurka miliyan 11. Nijar na cikin jerin ƙasashen da rahoton ya ambata, tare da Mali da Burkina Faso da Benin da Kodibuwa da Senegal da Najeriya. Ƙofar shigarsu ita ce saƙon imel da Faransanci, mai kama da sanarwar hukumar haraji ko tayin aiki daga babban bankin BCEAO, da takarda a maƙale. A 2023 Interpol ta sanar da kama wanda ake zargi da zama babba a gungun, a Kodibuwa.

To a ɗauka irin wannan saƙo ya iso wa ma'aikacin banki. Ɓarawon da ya san aikinsa ba ya aiko takardar da ba ta shafi kowa ba. Sau da yawa yakan riga ya shiga akwatin imel na wani abokin hulɗa, ya kwafi takardar gaske mai sunaye da lambobin asusu da adadin kuɗi, ya cusa mata ƙwayar cutar, ya aiko. Ma'aikacin ya ga abin bai kwanta masa ba, ya ɗora ta a shafin dubawa. Daga wannan lokacin takardar gasken ta shiga rumbun da dubban baƙi ke da mabuɗinsa.

Abin takaicin shi ne a daidai wannan wurin ne dubawar ta fi ƙarancin amfani. Manhajojin rigakafi sun fi ƙwarewa wajen gane ƙwayar cutar da aka riga aka sani. Wadda aka ƙera musamman don ma'aikata guda, aka kuma gwada ta kafin a aiko, tana iya wucewa duka manhajojin su ce lafiya lau. Sai ma'aikacin ya ga kore a ko'ina, hankalinsa ya kwanta, ya buɗe takardar. Ya bayar da sirrin, ya kuma kamu: gudun gara, an faɗa gidan zago.

Ɓarawon ma yana samun labari. Kowane fayil yana da wata lamba tasa shi kaɗai, kamar zanen yatsa, kuma kowa na iya neman wannan lamba a shafin kyauta. Wanda ya aiko da takardar ya san lambar takardarsa. Ranar da ya ga ta bayyana a shafin, ya san an fara zargin sa, sai ya goge sawu ko ya sauya hanya kafin masu bincike su iso. Don haka ƙwararrun masu binciken kutse ba sa ɗora samfur a shafin jama'a sai sun gama aikinsu.

Waɗanda suka riga suka ƙone

A watan Maris na 2022 hukumar tsaron bayanai ta gwamnatin Jamus, BSI, ta fitar da gargaɗi na musamman kan wannan batu. Ta gano cewa a wata ma'aikata ana tura takardun da suka zo maƙale da imel, waɗanda na'ura ta killace saboda zargi, zuwa VirusTotal a kai a kai, kuma wasu daga cikinsu na sirri ne. Hatta wasu rahotannin hukumar kanta, da aka rarraba wa mutane ƙalilan da sharaɗin kada su fita, sun bayyana a shafin. Shawarar hukumar ita ce duk takardar da aka ɗora a ɗauke ta a matsayin wadda ta fita daga hannu.

Wannan misali ya nuna cewa ba kullum ɗan Adam ne ke danna maɓallin ba. Manhajojin tsaro da ma'aikatu ke saya da tsada suna da zaɓin tura duk fayil ɗin da ba su gane ba zuwa waje. A watan Agustan 2017 kamfanin DirectDefense ya ce ya tsinci mabuɗan shiga rumbunan intanet da kalmomin sirri da bayanan abokan ciniki na wasu manyan kamfanoni a VirusTotal, kuma ta hanyar manhajar tsaro ta Carbon Black suka isa can. Carbon Black ya mayar da martani cewa zaɓin a kashe yake zuwa, mai saye ne ke kunna shi da kansa bayan an gargaɗe shi. Dukansu biyu sun faɗi gaskiya, kuma hakan bai dawo da ko fayil ɗaya ba.

A watan Janairun 2022 masu bincike na kamfanin SafeBreach suka gwada abin daga ɓangaren ɓarawo. Da lasisin yuro 600, kimanin jika 394 na sefa, suka tattara sunayen shiga da kalmomin sirri sama da miliyan ɗaya cikin ƴan kwanaki, ba tare da sun kutsa kwamfutar kowa ba. Sun bi sawun fayilolin da manhajojin satar kalmomin sirri irin su RedLine ke tarawa, waɗanda suka ƙare a rumbun shafin. Kuɗin bai kai na babur sabo ba.

Adireshin shafi ma bai tsira ba. A Nuwamban 2022 kamfanin Positive Security na Jamus ya nuna cewa a shafin urlscan.io, wanda ke duba adireshin intanet maimakon fayil, ana iya tsintar adireshin sauya kalmar sirri, da na sa hannu a takardu, da na takardun da aka raba tsakanin mutum biyu. Irin waɗannan adireshi su kansu mabuɗi ne: wanda ya riƙe shi ya shiga.

Labarin da ya fi kowane tayar da ƙura shi ne na Kaspersky. Wani ma'aikacin NSA ya kwashi kayan aikin sirri ya kai gida, a kwamfutar da ke ɗauke da manhajar rigakafin wannan kamfani na Rasha. A 2014 manhajar ta ga abin da ya yi kama da ƙwayar cuta, ta aika da dukan ƙunshin zuwa na'urorin kamfanin, har da takardu masu hatimin sirri. Kamfanin da kansa ya amince da hakan a 2017, ya ce shugabansa ya ba da umurnin a goge su, ya kuma musanta cewa ya miƙa wa gwamnatin Rasha. A shekarar ce Amurka ta haramta manhajar a ma'aikatun gwamnatinta, a 2024 kuma ta hana sayar da ita a ƙasar baki ɗaya. Ko wane ɓangare mutum ya gaskata, manhajar ta yi aikin da aka ƙera ta dominsa ne, kuma takwarorinta na Amurka da Turai haka suke yi. Microsoft Defender da ke cikin kowace Windows ma yana aika samfur kai tsaye, sai dai yakan nemi izini idan yana ganin fayil ɗin na iya ƙunsar bayanan mutum.

Doka na nan, amma ba a ganin wannan a matsayin fitar da bayanai

Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, kuma doka mai lamba 2022-59 ta ranar 16 ga Disamban 2022 ta maye gurbinta. Hukumar HAPDP ce ke sa ido a kan aiki da ita. Dokar ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan jama'a nauyin tsare sirrinsu, ta kuma gindaya sharuɗɗa kafin a fitar da su zuwa wata ƙasa. Nijar na kuma cikin ƙasashen da suka amince da yarjejeniyar Malabo ta Tarayyar Afirka kan tsaron intanet da kare bayanai, wadda ta fara aiki a watan Yunin 2023.

Idan asibiti ko banki ko makaranta za ta ƙulla kwangilar ajiye bayananta a na'urorin wani kamfani na waje, kowa ya san batu ne na doka. Amma idan mai kula da kwamfutocin gidan ya ɗora jerin sunayen ma'aikata da lambobin asusunsu a shafin dubawa, babu wanda ke kiran wannan fitar da bayanai, alhali ya fi na farkon muni: babu kwangila, babu iyaka ga masu karɓa, babu ranar gogewa. Ana iya rubuta wa kamfanin a roƙi ya cire fayil ɗin, kuma yakan cire. Kwafin da wasu suka riga suka sauke kuwa ya tafi.

A ƴan shekarun nan ana yawan maganar ƴancin kai a fannin bayanai a ƙasashen AES, kuma masu maganar kan kawo dokar Amurka ta 2018 da ake kira CLOUD Act, wadda ta ba hukumomin ƙasar damar tilasta wa kamfanoninta miƙa bayanai ko a ina suka ajiye su. Damuwar na da tushe. Amma game da takardar da aka ɗora a shafin dubawa na jama'a, babu hukumar leƙen asirin da ke buƙatar umurnin alƙali. Rajista ta ishe ta, kuma jerin da ya fallasa a 2023 ya nuna cewa da yawansu suna da ita.

Ga ƴan jarida da ƙungiyoyin fararen hula lamarin ya wuce asarar kuɗi. Takardar da majiya ta aiko a ɓoye takan ɗauki sunan wanda ya rubuta ta ko ya yi mata gyara na ƙarshe a cikin bayananta na ciki, waɗanda ba a gani a kan shafi. Ɗan jaridar da ya ɗora ta don ya tabbatar ba tarko ba ce, yana iya tona asirin majiyarsa da hannunsa.

Abin da ya rage a hannun ma'aikatu

Haramta amfani da waɗannan shafuka ba dabara ba ce, musamman a inda kwamfutoci da yawa ke aiki da manhajojin da aka kwafa ba lasisi, kuma ƙwayar cuta ke yawo daga makullin USB zuwa wani. Manhajar waya da aka turo ta WhatsApp, ko shirin kwamfuta da aka sauke daga shafin da ba a sani ba, babu sirrin kowa a cikinsu, kuma ɗora su na taimakon kowa. Takardar Word ko Excel ko PDF da ta zo da sunan ma'aikata ko na wani mutum ita ce ba a ɗorawa.

Ga irin waɗannan akwai hanyar lambar zanen yatsa da aka ambata. Windows na iya fitar da ita da umurnin Get-FileHash, lamba ce mai haruffa da alƙaluma 64, kuma ba a iya sake gina takardar daga gare ta. Ana neman lambar a shafin maimakon ɗora fayil ɗin. Idan wani ya taɓa ɗora irinsa sak, sakamakon zai fito. Idan bai fito ba, to fayil ɗin sabo ne, kuma wannan kansa dalili ne na ɗaga waya a kira wanda aka ce ya aiko, a lambar da aka riga aka sani, a tambaye shi. VirusTotal na da sashen dubawa na keɓe ga masu biyan kuɗi, inda ba a raba fayil ɗin, sai dai a can ba a samun hukuncin manhajojin rigakafin nan, rahoton gwaji kawai ake samu. Ga ƴan jarida akwai manhajar kyauta mai suna Dangerzone, wadda gidauniyar Freedom of the Press ke kula da ita: tana mayar da takardar da ake zargi zuwa PDF mara haɗari a kan kwamfutar mutum, ba tare da ta fita ko'ina ba. Ƙungiyar Access Now kuma na da layin agajin tsaron intanet ga ƴan jarida da masu fafutuka, wanda ke amsawa da Faransanci da Larabci.

Duk waɗannan dabaru ne na mutum ɗaya, kuma ɗora wa sakatariya ko akanta laifi shi ne mafi sauƙi. Wanda ya ɗora takarda don yana tsoron kada ya jawo wa gidansu bala'i ya fi wanda ya buɗe ta kai tsaye lura. Abin da ya rasa shi ne wurin da zai kai ta a cikin gida. Ma'aikatar da ba ta rubuta wa ma'aikatanta abin da za su yi da takardar da ake zargi ba, ba ta kuma duba ko manhajar tsaronta na tura fayiloli waje ba, ita ke da alhakin abin da ya fita. A matakin ƙasa kuma, HAPDP da hukumar ANSI mai kula da zamanantar da ayyukan gwamnati na iya yin abin da BSI ta yi a 2022: sanarwa mai shafi biyu ko uku zuwa ga ma'aikatun gwamnati da bankuna da asibitoci, da ke fayyace irin fayil ɗin da ake ɗorawa, da wanda ba a ɗorawa, da adireshin da za a tura na biyun.